Avi Arad da kwandon tumatir

Ni mutum ne mai karanta sunaye. Tun muna yara a gidan kallo, idan fim ya ƙare kowa ya miƙe yana kaɗe ƙurar benci daga wandonsa, ni sai in tsaya ina bin rubutun nan da ke hawa sama, har sai mai gidan ya ce, "Kai yaro, mai nake ƙonawa fa," ya kashe inji. Ba wai na san aikin kowa a cikinsu ba ne, sha'awa ce kawai. Ta haka wani suna ya zauna min a ka, gajere mai daɗin faɗa: Avi Arad. Na gan shi a Blade, na gan shi a X-Men, a Spider-Man, a Hulk, a Ghost Rider. Sai da na girma na gane furodusa ne, na kuma gane wani abin da ya fi wannan ɗaure kai. Fina-finan jarumai masu ƙarfin ban mamaki da masu sharhi suka fi yabawa, da waɗanda suka fi yi wa kaca-kaca, da yawansu sunan mutumin nan ɗaya ne a jikinsu.

Ƙanena ne ya tono min zancen makon jiya. Yana kwance a tabarma bayan sallar isha'i yana sake kallon Venom a waya, karo na nawa Allah kaɗai ya sani, sai ya miƙo min wayar.

"Yaya, dubi abin da suka ba fim ɗin nan. Talatin cikin ɗari! Wallahi mutanen nan ba kallo suke yi ba, baƙin ciki ne kawai."

Na ce ya nemo min na Spider-Man: Into the Spider-Verse. Ya nemo, 97. Ya taɓe baki ya ce ai wannan katun ne, na yara. Na ce to duba min jerin furodusoshin kowanne. Ya duba, ya yi shiru. Venom ya fito a watan Oktoban 2018, ɗayan ya biyo bayansa a Disamba, dukansu daga kamfanin Sony, kuma Arad yana cikin waɗanda suka shirya duka biyun. Idan baƙin ciki ake yi wa mutumin, to baƙin cikin bai yi wata uku ba ya huce.

Kafin in yi nisa, bari in faɗi yadda wannan lamba take, don da yawanmu gurguwar fahimta muke yi mata. Rotten Tomatoes, shafin intanet ɗin da ke ba da ita, wanda sunansa ma ruɓaɓɓen tumatir yake nufi, ba maki yake bai wa fim irin na malamin makaranta ba. Sharhin 'yan jarida yake tarawa ya raba gida biyu, wannan ya yaba, wannan ya kushe, sai ya faɗa maka mutum nawa ne suka yaba a cikin kowane 100. Kamar ka juye kwando a kasuwar 'Yan Kaba ka ƙirga lafiyayyu ne, ba ka tambayi daɗinsu a miya ba. In lafiyayyun sun kai 60, kwandon ya tsira, in ba su kai ba an kira shi ruɓaɓɓe. Saboda haka fim ɗin da kowa ya ce "ba laifi" zai iya haura 90, wanda kuma ya raba kan mutane, rabi suna mutuwar sonsa rabi sun tsane shi, ya tsaya a 50. Duk lambar da zan kawo a ƙasa, a riƙe ta da wannan.

Shi Arad ba daga makarantar fim ya fito ba, ɗan kasuwar kayan wasan yara ne. An haife shi a Isra'ila a 1948, ya koma Amurka a 1970, ya yi suna wajen ƙirƙirar 'yan tsana. Shi da Ike Perlmutter suke juya kamfanin Toy Biz, mai ƙera 'yan tsanan jaruman Marvel, kamfanin littattafan labarai masu zane. Da Marvel ya karye a ƙarshen 1996, attajirai biyu, Ron Perelman da Carl Icahn, suka yi ta kokawa a kotu a kan gawar, sai ga masu 'yan tsana sun ɓullo ta gefe sun ɗauke kamfanin a 1998. Jaruman kuwa sun watsu a gidajen fim daban-daban: X-Men da Daredevil da Fantastic Four suna hannun Fox, Hulk yana Universal, Blade yana New Line, Spider-Man ya sauka a Sony a 1999. Arad yana tsakiya a matsayin idon Marvel, shi ya sa sunansa yake kan kowanne.

A ganina wannan asalin nasa shi ne bakin zaren. Idon mai shago gare shi. Ya san abin da yaro zai nuna da yatsa ya yi ta birgima sai an saya masa. Ba raini nake yi ba, baiwa ce ta gaske, domin a lokacin da bankuna ke kallon Marvel a matsayin tarin tsofaffin takardu masu zane, shi dukiya ya gani a kwance. Amma sanin wane jarumi ne zai sayu daban, sanin labarin da ya dace da shi daban. Masu sharhi kuwa na biyun suke dubawa.

Inda abin ya yi kyau, ya yi kyau ƙwarai. Spider-Man na 2002 shi ne fim na farko da ya tara sama da dala miliyan 100 a kwana ukun farko a Amurka. Na biyunsa, na 2004, shi ne wanda har yau ba na gajiya da shi. Darakta Sam Raimi ne, wanda ya rubuta kuma Alvin Sargent, dattijon da ya riga ya ci Oscar biyu da fina-finan da babu mai tashi sama a cikinsu. Ana jin hannunsa. Fim ɗin ya buɗe ne da jarumin ana korarsa daga aikin kai abinci saboda ya makara, mai gidan haya yana tare shi a bakin ƙofa yana tambayar kuɗinsa, karatu yana neman gagararsa, yarinyar da yake so tana shirin auren wani. Wane saurayi ne a Kano ko Zariya bai san wannan rayuwar ba? Sannan ga wurin jirgin ƙasa. Birki ya lalace, layin dogo ya kusa ƙarewa, ya tsaya a gaban jirgin ya harba zare dama da hagu ya riƙe, rigarsa tana yagewa a kafaɗa, har jirgin ya tsaya shi kuma ya suma. Abin da ya biyo baya ne ya kama ni. Fasinjoji suka tare shi kada ya faɗa ƙasa, suka ɗaga shi bisa kawunansu hannu zuwa hannu suka shimfiɗe shi a tsakiyar tarago, fuskarsa a buɗe, suka tsaya suna kallonsa, wani magidanci yana mamakin ashe yaro ne sa'ar ɗansa. Ranar da na fara ganin wurin nan, gidan kallon da ba a jin maganar juna saboda ihu ya yi tsit, sai ƙarar inji a waje. Marigayi Roger Ebert, fitaccen mai sharhin fina-finai, wanda na farkon bai wani burge shi ba, ya ba wannan taurari huɗu cif, ya ce tun Superman na 1978 ba a yi kamarsa ba a wannan fanni. Kwandonsa 93, ya kuma ci Oscar na dabarun hoto.

A daidai waɗannan shekarun ne kuma aka buɗe famfo. Daredevil a 2003 bai tsallake ba. Elektra a 2005 ya tsaya wajen 11. Fantastic Four na wannan shekarar da Ghost Rider na 2007 ba wanda ya kai 30. Ƙorafin masu sharhi kusan iri ɗaya ne a kansu duka: an samo jarumi, an ɗinka masa kaya masu kyau, an manta da ba shi abin yi. Ghost Rider dai ni ba zan zage shi ba. Ƙoƙon kai yana ci da wuta a kan babur, da sarƙa a hannu, ai 'yan acaɓan unguwarmu sun samu gwani, na sha ganin hotonsa a manne a tankin mai. Amma tambaye ni labarin fim ɗin yau, ba zan iya kawo maka jimla uku ba.

Akwai guda ɗaya da ke ɓata min lissafi, kuma gaskiya ta sa in ambace shi. Hulk na 2003 an bai wa Ang Lee ne, babban darakta, aka sakar masa mara ya yi yadda yake so. Ya yi fim mai nauyi a kan uba da ɗa da fushin da ake gada. Masu sharhi suka ɗan sassauta masa, ya haura 60 da kaɗan, 'yan kallo kuwa suka gudu, cinikinsa ya faɗi da kusan kashi 70 a mako na biyu. Don haka ba zan ce da an bar darakta shi kenan an gama ba. Wataƙila ma wannan faɗuwar ce ta koya wa Arad darasin da bai kamata ya koya ba, wato kada ya ƙara barin tukunya a hannun mai girki shi kaɗai.

Domin abin da ya faru a Spider-Man 3 ke nan, a 2007. Raimi ya tashi ne da labaran shekarun 1960 na Stan Lee da Steve Ditko, mugayen wancan zamanin yake so, irin su Sandman. Venom kuwa ɗan 1988 ne, baƙi ƙirin mai dogon harshe da haƙora, matasa suna haukar sonsa, 'yar tsanarsa tana tafiya a kasuwa. Arad ya matsa sai an saka shi. Aka saka. Fim ya tashi da abokan gaba uku, ga rikicin soyayya, ga wata sabuwar budurwa, ga jarumin ya zubo gashi a goshi yana tiƙar rawa a titi. Taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Venom ɗin da aka yi rigimar dominsa sai can wajen ƙarshe ya bayyana sosai, kafin ka gyara zama an gama da shi. Kwando ya sauko daga 93 zuwa 60 da 'yan kai. Bayan shekaru Raimi ya fito ya ce bai yi imani da duka mutanen da ke cikin labarin ba, kuma hakan ba ya ɓoyuwa ga mai kallo. Arad shi ma, a lokacin tallar Venom a 2018, ya amsa cewa laifin tilasta wa Raimi nasa ne. Sai dai ga abin da ke hana irin wannan darasi shiga: Spider-Man 3 ya tara kusan dala miliyan 900, ya fi na ɗaya, ya fi na biyu. Mai shago zai ce wa ya yi kuskure?

Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya bi fina-finan Hausa a zamanin kaset da faifai ya san yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suke da ta cewa. Labari yana tafiya lafiya lau, sai a tsaya cak a yi waƙa uku, don an ce in babu su kaya ba zai fita ba. Darakta ya sani, marubuci ya sani, amma wanda ya zuba kuɗi shi ke da magana ta ƙarshe. Bambancin kawai yawan sifilin da ke bayan lambar.

Arad ya ajiye muƙaminsa a Marvel a 2006, ko da yake sunansa yana cikin furodusoshin Iron Man na 2008. Yaron da ya ɗauka aiki bayan X-Men, Kevin Feige, shi ya hau kujerar daga baya ya gina daular da kowa ya sani. Arad ya tattara ya zauna da Sony da abin da ke hannunsu, wato Spider-Man da danginsa. The Amazing Spider-Man 2 na 2014 ya maimaita ciwon 2007 sak, mugaye birjik, ga rabin fim ɗin tallar wasu fina-finai ne da ake shirin yi nan gaba. Masu sharhi suka rabu biyu, kuɗi bai kai yadda aka ci buri ba, a farkon 2015 Sony ta yarda ta haɗa hannu da Feige a kan jarumin.

Yanzu mu dawo kan Venom na ƙanena, don ina ganin yana da rabin gaskiya. Masu sharhi sun ce labarin a hargitse yake, mugun ba shi da gishiri, faɗan ƙarshe kuwa baƙin kwalta biyu ne ke dambe cikin duhu ba ka gane wa ke dukan wa. Duk haka ne. Abin da ba su auna da kyau ba shi ne Tom Hardy, ɗan wasan da ya ja fim ɗin. Akwai wurin da ya faɗa wani gidan abinci na masu hannu da shuni, gumi yana karyo masa, yana wawurar abinci daga farantin mutane yana tofarwa, daga ƙarshe ya haye cikin tankin ruwan da ake ajiye manyan jatan lande masu rai, ya zauna a ciki da kayansa, ya yi ajiyar zuciya, ya kamo ɗaya ya gartsa masa cizo. Shawarar Hardy ce wannan, ba ta cikin rubutun farko. Mutum da aljaninsa ne suke zaman doya da manja a jiki ɗaya, suna cacar baki a kan abin da za a ci. Wannan mutane suka je kallo, kuma sun samu. Masu kallo suka ba shi wajen 80 a inda 'yan jarida suka ba shi 30, ya tara sama da dala miliyan 850, kusan kashi ɗaya cikin uku daga Sin. Amma a lura, abin da ya ceci fim ɗin haukar ɗan wasa ce, ba tsarin furodusa ba.

Daga nan sai aka samu waƙar da ake rerawa duk lokacin da sharhi ya yi zafi: mu don masoya muke yi, ba don 'yan jarida ba. Morbius ne ya gwada wannan magana. An yi ta ɗage shi saboda korona, ya fito ranar 1 ga Afrilun 2022, kwandonsa wajen 15. A wannan karon 'yan kallo ma ba su tsaya masa ba. CinemaScore, masu tambayar mutane a ƙofar silima daren farko, sun samo masa C+, alhali Venom B+ ya samu, Spider-Verse kuma A+. Sai matasa a intanet suka mayar da shi abin tsokana, suna yabonsa da gatse, suna cewa ya tara kuɗin da ba a taɓa tarawa ba, har suka ƙirƙiro masa wani kirari da babu shi ko kaɗan a cikin fim ɗin. Kamfani ya ga sunan yana ta yawo, ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe, ya mayar da fim ɗin silima sama da 1,000 a farkon watan Yuni. Abin da aka samu a kwana uku bai wuce dala 300,000 da 'yan kai ba, wato kusan dala 300 kowace silima. Ban taɓa ganin inda aka yi wa mai kaya dariya ya ɗauka tayi ake yi ba sai nan. Jared Leto, wanda ya fito a matsayin Morbius, ya tashi da kyautar Razzie ta ɗan wasa mafi muni a shekarar. Kraven the Hunter, a Disamban 2024, ya samu irin wannan lamba, cinikinsa a duniya duka wajen dala miliyan 60, bai ko kama hanyar mayar da kuɗin da aka kashe ba.

To me ya bambanta Spider-Verse, tunda kayan shagon ɗaya ne? Ni dai abin da na gani shi ne akwai masu hannu da ƙarfi a kusa da tukunyar. Phil Lord da Christopher Miller suna cikin furodusoshi, daraktoci uku ne, kuma da yake katun ne mai ƙaramin kasafi idan aka kwatanta, ido bai yi masa yawa ba. Jarumai ne cunkus a cikinsa, sun fi na Spider-Man 3 yawa, har da alade, amma duka labarin yaro ɗaya suke yi wa hidima, Miles Morales na Brooklyn, ɗan ɗan sanda baƙar fata da ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Puerto Rico. Dubi irin kular da aka yi: a wurin da yake koyon lilo da zare a cikin daji, an zana motsinsa da hoto 12 a daƙiƙa, na malaminsa da 24, don idonka ya ji cewa yaron bai ƙware ba tun kafin a faɗa maka. Ya ci Oscar a farkon 2019. Mutum biyar aka kira suka karɓa, daraktocin uku da Lord da Miller, babu Arad a ciki. Kuɗin da ya tara kuma bai kai rabin na Venom ba. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya gaya maka dalilin da ya sa aka yi Venom har uku.

Ba na son in zalunci dattijon. Masoya a intanet sun mayar da shi juji, duk abin da ya lalace shi ne, duk abin da ya gyaru wani ne. Da aka rubuta masa godiya ta musamman a ƙarshen Spider-Man: No Way Home a 2021, wasu har tsaki suka yi. Amma in za a ɗora masa Elektra, sai a ba shi rabonsa a Spider-Man 2 da Iron Man, tunda kujera ɗaya ya zauna a duka. Shi Feige ɗin ma da ake kafa misali da shi ya ɗanɗana ruɓaɓɓen kwando, Eternals a 2021 da Quantumania a 2023 ba wanda ya kai 50. Abin da na yarda da shi kawai shi ne sunan Arad a jikin fim ba ya gaya min komai sai cewa akwai jarumin da wani ya lissafa zai sayu. Sauran sai na duba wa ke riƙe da alƙalami, wa ke bayan kyamara, kuma ko suna da nauyin da za su ce masa a'a. Yanzu haka yana shirya fim ɗin The Legend of Zelda tare da Shigeru Miyamoto na Nintendo, mutumin da ya ƙirƙiri wasan bidiyon da kansa. Wannan kam ba na jin za a cusa masa abin da ba ya so.

Ƙanena bai sallama ba. Washegari ya je wurin masu tura fim ya dawo da Kraven a waya, ya ce sai mun kalla tare ya nuna min cewa 15 ɗin nan ma zalunci ce. Muka jingina wayar da filas ɗin shayi. Ya yi ta kare fim ɗin da baki har wajen minti 40, yana cewa "Yaya jira ka gani, yanzu za a fara." Daga baya na ji shiru, na waiga, ya yi barci da hannu a ƙarƙashin kumatu. Ni na ƙarasa shi, cajin wayar saura kaɗan, na zauna har rubutu ya fara fitowa. Sunan yana nan.